Mai Karatun Ranar Lahadi

A majami'un da ake sujada da Hausa, daga Maraɗi har Damagaram, akwai wani aiki da ba a yi wa mai yin sa naɗi, ba a kuma biyan sa ko dala. Kafin fasto ya fara wa'azi, wani daga cikin jama'a kan miƙe, ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya faɗi sura da aya, ya karanta, ya koma mazauninsa. Duka-duka abin bai wuce minti biyar ba. Wani malamin lakwal a Damagaram ya shekara fiye da ashirin yana wannan hidima, amma har yau gabansa kan faɗi duk sa'ad da aka kira sunansa.

Ranar da dattawan ikilisiya suka fara ɗora masa nauyin, ya ɗauke shi abin wasa. Mutumin da ke koyar da Faransanci safe da maraice, me zai gagare shi a harshen da ya sha a nono? Ko duba nassin bai yi ba kafin ya miƙe. Sai ga idon da ya saba da rubutun Faransa yana tuntuɓe: harafin c na neman fito masa kamar s, ƙugiyar ƙ da ta ɗ suna ɓace masa. Daɗin daɗawa, rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, balle hawa da saukar murya. Ayar tana maganar gadon da Allah ya tanadar wa masu bi, wato irin wanda ɗa ke ci daga ubansa, shi kuwa ya furta kalmar kamar gadon kwana. Samari suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya.

Bayan an tashi, wata tsohuwa daga zumuntar mata ta tare shi a bakin ƙofa. Ta ce, "Mushe, ɗana, ni ban yi lakwal ba. Abin da ya fito bakinka shi ne Littafi a wurina har wata Lahadi. In ka karkata shi, a karkace zan kai shi gida." Ya ce, "Na ji, Inna." Bai iya ƙara komai ba.

Tun daga nan daren Asabar ya zama na shiri. Yakan karanta nassin da murya sau uku, ya sa alama da fensir inda zai ja numfashi, ya tambayi fasto yadda ake furta sunayen sarakuna da garuruwan Tsohon Alkawari. A hankali ya gane cewa Littafin da ke hannunsa ya yi doguwar tafiya. Masu mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, cikakkiyar fassarar Hausa kuwa ta fito a 1932, an kuma yi aikinta ne a Najeriya. Alhali a kan bencin majami'arsu akwai Bagobirin da ke cewa "tahi" inda takarda ta ce "tafi", akwai baƙi daga Benin da Togo waɗanda a kasuwa suka koyi Hausa. Bai ga yana da ikon sauya kalma domin kowa ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya sassauta gudu, ya ba kowace gaɓa haƙƙinta.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo masa a 2015. Ranar Juma'a 16 ga Janairu, zanga-zangar da aka yi kan zanen ɓatanci ga Annabi Muhammadu da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa ta rikiɗe, aka ƙona majami'u a Damagaram, washegari kuma a Yamai. Wani maƙwabcinsa Musulmi ne ya ɓoye shi da iyalinsa a cikin gida, Littafin na cikin ƙunshin kayan da suka tsira da su. Da jama'a suka sake haɗuwa a tsakar gidan wani dattijo, nassin da aka ba shi daga Matiyu sura ta 5 ne, inda ake umartar masu bi da ƙaunar maƙiyansu.

Daren jajibirin bai runtsa ba. Ya san murya na iya yin abin da alƙalami bai rubuta ba. In ya danna wata kalma, nassin sulhu ya koma habaici, ga maƙwabta na ji ta bayan katanga. In kuwa ya bar muryarsa ta karye, ya ɗora wa mutane nasa baƙin ciki a kan nasu. Tsohuwar ta daɗe da rasuwa, amma maganarta ce ta faɗo masa. Da safe ya miƙe, ya faɗi sura da aya, ya karanta yadda ya saba, bai ƙara ba bai rage ba. Hannunsa na rawa, sai ya ɗora Littafin kan tebur don kada a gani.

Yanzu da ya yi ritaya, idonsa kuma ya raunana, shi ke shirya matasan da za su karɓe shi. Ranar Asabar da la'asar yakan rubuta kalmar "gado" a allo, ya umarci kowannensu ya karanta ta hanya biyu, kafin ya yarda a buɗe Littafin.