Ɗan Aiken Da Ba Ya Tambaya

Duk wanda ya taɓa buɗe irin shafukan nan masu faɗa wa mutum inda yake, ya san abin dariyar. Kana zaune a hostal da datar wayarka, shafin ya ce kana Legas. Ba ƙarya ya shirya maka ba. Kamfanonin waya suna haɗa dubban mutane a kan adireshin IP guda, kuma sau da yawa rumbun bayanan da ake dubawa ya ajiye adireshin ne a garin da manyan na'urorin kamfanin suke. Mu da muka san haka sai mu yi murmushi mu wuce. Na'ura kuwa ba ta da wannan murmushin.

A zangon da ya wuce malaminmu ya raba mu rukuni-rukuni, ya ba rukuninmu wata manhaja mai gano wuri ta adireshin IP, wadda aka gina domin 'yan aiken AI, wato irin ƙirƙirarriyar basirar da ake ba aiki ta je ta aiwatar da kanta. Ya ce ba ruwansa da ko manhajar na da sauri. Takardar bayaninta yake so mu ba maki.

Da farko abin ya yi kama da aikin 'yan sashen Turanci. Amma ga yadda lamarin yake. A ƙarƙashin tsarin MCP da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024, kowane kayan aiki yana zuwa da suna, da ɗan bayani, da jerin abin da za a saka masa. Da waɗannan ɗan aiken ke yanke shawarar yaushe zai kira shi da yadda zai fahimci amsa. Ba shi da abokin zama da zai taɓa ya ce, “Kai, wannan lambar fa ta yi maka daidai?”

Bayanin tamu manhajar layi ɗaya ne: a ba ta adireshin IP, ta dawo da ƙasa da gari da lambobin wurin a taswira. Tsaf-tsaf, ba kuskuren rubutu ko ɗaya. Wani abokina a rukunin ya ba ta takwas cikin goma. Ni uku na ba ta, har muka kusa yin baram-baram.

Na saka mata 192.168.1.1, adireshin cikin gida da ke kan ɗimbin na'urorin wayfai, wanda ba shi da wani wuri a duniya. Maimakon ta ce ba ta sani ba, sai ta dawo da sifili da sifili. Je ka duba taswira: wannan ɗigon yana tsakiyar teku, kudu da gaɓar Gana. Takardar ba ta ce uffan a kan haka ba. Ba ta kuma faɗi ko lambobin nan masu dogon jela suna nufin ƙofar gidan mutum ne ko tsakiyar gari ko tsakiyar ƙasa baki ɗaya ba. Nan ne wurin da ya fi tsaya mini a rai, domin an taɓa ganin illarsa.

Kamfanin MaxMind na Amurka, ɗaya daga cikin manya a wannan harka, ya zaɓi digiri 38 arewa da 97 yamma a matsayin wurin da zai riƙa nunawa idan abin da ya sani kawai shi ne adireshi na Amurka ne. Ashe wannan ɗigon ya faɗa kan wata gona kusa da ƙauyen Potwin a jihar Kansas. Adireshi sama da miliyan 600 suka riƙa nuna gonar. Shekara da shekaru 'yan sanda da mutanen da aka damfara ta intanet suna sallama a gidan, suna neman ɓarayin da ba su taɓa taka wurin ba. Sai a 2016, bayan 'yar jarida Kashmir Hill ta tono labarin, kamfanin ya mayar da ɗigon tsakiyar wani tafki. Yanzu amsarsa tana zuwa da wata lamba mai nuna faɗin kilomitocin da kuskure zai iya kaiwa, kuma takardunsa sun gargaɗi kowa kada ya yi amfani da bayanin wajen gano wani gida.

Waɗancan fa mutane ne masu ido da hankali, suka ga lamba suka gaskata. To ina ga ɗan aiken da banki ko manhajar bashi ta ɗora wa aikin gano masu zamba? Ya ga ɗalibi ya shiga asusunsa da safe daga kafe a garinsu, da rana kuma datar waya ta nuna Legas, sai ya rufe asusun ana saura kwana biyu a rufe biyan kuɗin makaranta.

Abokina yana da hujjarsa, kuma ba ta banza ba ce. Ya ce duk kalmar da aka ƙara a bayanin sai ɗan aiken ya karanta ta, kuma kuɗi ne. Ya ce ai AI ɗin ma ya riga ya san adireshin IP ba ya nuna gida. Wataƙila ya sani. Amma ba shi da hanyar sanin abin da wannan manhajar, ita kaɗai, take yi idan ta rasa amsa.

Sai na zauna na sake rubuta bayanin, ya koma layi huɗu. Na ce ƙasa ce abin dogaro, gari kintace ne, musamman ga masu datar waya da masu VPN. Na ce sifili da sifili na nufin ba a samu ba, kuma kada a yanke hukunci a kan mutum da wannan amsar kaɗai. Muka gwada tsohon da sabon da tambaya ɗaya. Da tsohon, ɗan aiken ya ce mai adireshin yana Legas, ba ko shakka. Da sabon, ya ce adireshin na Nijeriya ne, mai yiwuwa ta Legas ya fita, amma mutumin yana iya kasancewa ko'ina a ƙasar.

Ranar gabatarwa abokina ya sauko zuwa biyar, ni ina nan a kan ukuna. Malam ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce kowa ya kawo takardar bayanin aikinsa na kammala karatu ranar Litinin, da wannan ma'aunin za a auna ta.