Man giya da darasin duba abin da ba ya kuka

Duk mai mota ya san ranar juyen baƙin mai. Injin yana da sandar awo da ake zarowa kowace safiya, yana da jar fitila a gaban direba, kuma in an yi masa sakaci ba ya ɓoye fushinsa. Akwatin giyar hannu kuwa, a yawancin motoci, ba shi da sandar awo, ba shi da fitila, ba shi da matata. Yana can ƙarƙashin mota yana aikinsa shiru, kamar yaron da ba ya ƙorafi a gida mai 'ya'ya da yawa, wanda shi ake mantawa da rabonsa. Abin da shekaru ke koya wa mutum shi ne, dukiya ba ta cika salwanta ta wajen abin da ke kururuwa ba, domin wannan kowa na rugawa gare shi. Ta wajen mai haƙuri take tafiya. Saboda haka nake ganin magidancin da ke da mota mai giyar hannu ya kamata ya san man giyarsa da idonsa, ya juye shi tun bai ji ƙara ba, in da hali ma a ƙofar gidansa.

Sai an san abin da man yake yi a ciki kafin a gane dalili. Haƙoran giya na ƙasa suna nutse cikin mai, in suna juyawa sai su watsa shi sama ya jiƙa sauran haƙoran da boris. Tsakanin giya da giya akwai zobban tagulla, waɗanda bakanike ke kira sinkiro, aikinsu su daidaita gudun haƙora biyu kafin su haɗu. Tun 1928 kamfanin Cadillac na Amurka ya fara sa wannan dabara a motocinsa, ita ce ta raba direbobi da ƙarar haƙora a kowane canji. Amma duk canjin giya yana ɗan goge ƙarfe da tagulla, kuma tunda babu matata, garin yana nan cikin man yana zagayawa. Maganaɗisun da ke jikin notin ƙasa yana kama garin baƙin ƙarfe, tagulla kuwa ba ta manne wa maganaɗisu. Zafi yana cinye sinadaran da aka zuba wa man don ya jure matsi. Ga kuma damina: akwatin yana da ɗan hancin shaƙar iska a samansa, in mota ta kutsa ruwa mai zurfi sai ruwan ya bi ta nan, man ya koma launin madara, tsatsa ta fara cin boris. Ranar da giya ta biyu ta fara gardama da sanyin safiyar hunturu, ko aka fara jin gurnani a kan hanya, ɓarnar ta riga ta yi nisa.

Wani zai ce, ai masu ƙera motar sun rubuta cewa man na tsawon rayuwar motar ne. Gaskiya ne wasu kamfanoni suna faɗin haka, amma sai a tambaya: rayuwar wace mota suka lissafa? Sun lissafa ta mai sayen farko a Jamus ko Faransa, mai tafiya da iyalinsa kan shimfiɗaɗɗen titi cikin sanyi. Ba su lissafa Golf 3 da aka ƙera a shekarun 1990 ba, wadda ta gama zamaninta a Turai, ta sauka a Kwatano, yau tana jigila tsakanin Kano da Katsina da fasinja cike da buhuna a bayanta, cikin zafin Afrilu da ke wuce digiri 40. Littattafan motoci da yawa ma sun sa iyaka, galibi tsakanin kilomita 50,000 zuwa 100,000, kuma sukan ce a rage in mota tana ɗaukar nauyi ko tana bin ƙura. Ƙaramar mota lita 2 zuwa 3 kawai take sha. A auna kuɗin wannan da kuɗin sauke akwatin giya, da sayen wani na gwanjo wanda ba a san tarihinsa ba, da kwanakin da motar za ta yi a gareji ba ta kawo ko kwabo.

Akwai kuma masu cewa in aka taɓa man tsohuwar giya, daga ranar ta mutu. Wannan tsoro daga motocin otomatik ya samo asali, inda faifan kulochi ke aiki a cikin man kansa. Giyar hannu ba haka take ba, sabon mai ba ya kashe ta. Abin da ke kashe ta shi ne man da ba nata ba. A jikin galan za ka ga an rubuta kauri, kamar 75W-90 ko 80W-90, da kuma aji, GL-4 ko GL-5. Mutane kan ɗauka cewa 5 ya fi 4, alhali GL-5 an yi shi ne musamman don aksul, sinadarin farar wuta ya fi yawa a cikinsa, kuma a akwatin da aka tsara wa GL-4 yana iya cutar da zobban tagulla ko ya hana su kamawa. Peugeot 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, man inji ake zuba wa akwatinta. Honda tana da nata man na daban, wasu motocin kuma jan man otomatik suke so duk da giyarsu ta hannu ce. Don haka ba mai shago ne zai yanke hukunci ba, littafin motar ne.

Aikin kansa ba wuya, tsari yake so. Ka ɗan zaga da motar minti goma man ya yi ɗumi ya saki jiki, ka tsayar da ita a wuri mai daidai, ka ja birkin hannu, ka tare tayoyi, ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe. Noti biyu ne: na zubawa a gefen akwati, na tsiyayewa a ƙasa. Na gefen za ka fara kwancewa, kada ka taɓa juya wannan tsari. In ka tsiyaye man sannan na gefen ya ƙi kwancewa, ko kansa ya cinye, ka zauna da motar da ba ta iya zuwa ko gareji. In kuwa shi ka fara gwadawa ya ƙi, ba ka yi asarar komai ba, sai ka tuƙa abarka zuwa wajen gwani. A tsofaffin Golf makulli mai kusurwa shida na milimita 17 ke shiga ramin notin. Da man ya gangaro cikin kwano, ka kai shi rana ka duba. Laushin baƙin gari a kan maganaɗisu ba abin damuwa ba ne. Ɓarɓashi mai girman ƙwayar shinkafa alama ce haƙori ko boris ya fara karyewa, ƙyalli mai ruwan zinariya kuma zobba ne ke ƙarewa. Ka goge notin, ka sa sabuwar washa, ka ɗaure da hankali, domin jikin akwatin alminiyom ne, ƙarfin tsiya yana cinye zarensa. Sannan da mazurari da tiyo ka zuba sabo har ya fara ɗigowa daga bakin ramin gefe. A yawancin motoci wannan shi ne ma'auni.

Saura hujjar da ta fi nauyi: wannan sana'ar bakanike ce, kowa ya tsaya a tasa. Ina girmama wannan magana, kuma akwai inda take da gaskiya ɗari bisa ɗari. Wanda ba shi da abin ɗora mota sai jak kaɗai, kada ya shiga ƙarƙashinta ko na daƙiƙa guda, jak yana zamewa, kuma rai ba a sayo shi a kasuwa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Amma ko shi, bai kamata ya miƙa makulli ya tafi shan shayi ba. Ya sayo mansa a rufe daga wurin da ya amince, ya tsaya ya ga tsohon yana fita, ya duba maganaɗisun da kansa. Bakanike na kirki ba ya jin haushin mai motar da ya san abinsa, sauƙi ma yake samu, don ba a kawo masa aiki sai ya lalace sannan a ɗora masa laifi. Wanda ya yi a gida kuwa, tsohon man amana ne a wuyansa: a jarka mai murfi zai zuba shi ya kai wa masu karɓa a gareji, ba a kwata ba inda zai bi ruwa ya kai rijiyar maƙwabci, ba kuma a kwalbar lemo ba inda yaro zai iya ɗauka.

In aka lura, dokar notin gefe da dokar juye mai da wuri abu ɗaya suke koyarwa: ka yi aiki tun zaɓi yana hannunka. Wanda ya duba man giyarsa motar tana lafiya, shi ke zaɓar rana, da irin mai, da wanda zai taɓa masa mota, da abin da zai kashe. Wanda ya jira, hanya ce za ta zaɓa masa, wataƙila da dare, nesa da gari, da iyali a ciki, kuma farashin da aka faɗa masa shi zai biya. Haka lamarin yake a rufin ɗaki kafin damina, da bashi kafin mai shi ya zo ƙofa, da zumunci kafin ya yi tsami. Ka rubuta kwanan wata da lambar kilomita a ɗan littafi ka ajiye a motar, don kada shekara biyar ta wuce kana cewa ai kwanan nan aka juye.