Ranar Bitar Kati

A duk shekarun da na yi ina jinyar masu lalurar ƙwaƙwalwa a wani ƙaramin asibiti da ke arewacin kogin Kaduna, babu abin da nake kewa kamar ranar bitar kati. Bayan la'asar, idan layi ya tsinke, sai mu ɗebo katunan marasa lafiya daga kanta, wasu sun yi jawur da ƙurar hunturu, mu baje su a teburin mai ba da magani. Wa aka haɗa wa Largactil da haloperidol lokaci guda, kuma an rubuta dalili? Wa ke karɓar allurar Modecate wata da watanni ba a sake duba adadinta ba? Wa aka ɗora wa Artane tun ranar farko, alhali hannunsa bai taɓa rawa ba?

Wannan ta ƙarshe ta fi tsaya mana a rai, domin mun san irin ƙwayar tana zurarewa zuwa hannun samarin unguwa, masu kiranta Exol.

Likitanmu dattijo ne, daga Barnawa yake ƙetaro gada ya zo mana. Bai taɓa kama sunan wanda ya rubuta magani ba. Yakan ce mini, "'Yata, ƙirga kawai, ki rubuta abin da kika gani." Bayan 'yan watanni mu sake ɗebo katunan mu gwada da na baya. A nan daɗin aikin yake.

Akwai wata matashiya mai ɗinki daga Kawo, mahaifiyarta ce ke riƙo ta. Wuyanta a sandare, miyau na dalala, uwar kuwa ta ɗauka ciwon ne ya ci gaba. A bita muka tarar magunguna biyu masu aiki iri ɗaya take sha. Likita ya janye ɗaya sannu a hankali. Kafin babbar salla ta shigo da kanta, ta miƙo mini tafukanta: "Sista, duba, na koma kan keke."

Daga baya na ji cewa a Ingila, tun 2005, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta kafa sashe musamman domin irin wannan bita tsakanin asibitoci. Mu da biro da littafi mai layi muka yi tamu. Da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasarmu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, dattijon nan na fara tunawa, Allah ya jiƙansa. Yanzu duk inda na haɗu da yaranmu ma'aikatan jinya, ko a gidan biki ne, sai na tambaye su ko suna zaman bita.