Ruwan Shisha daga teku yake zuwa

Duk wanda ya zauna a Shisha ya san unguwar duwatsu ce da dogayen benaye, dab da Mina, wadda ke cika maƙil da alhazai a watan Zulhajji sannan ta koma shiru. Babu kogi, babu tafki. Amma ni dai tun da na tare a nan, in na buɗe famfo ruwan teku nake alwala da shi. Yawancin ruwan Makka daga Shu'aiba yake zuwa, a gaɓar Bahar Maliya, kudu da Jidda, inda ake cire masa gishiri a turo shi ta manyan bututu. Ko wayit ɗin da maigida ke kira in tankin bene ya ƙafe, akasari ruwan can ya ɗauko.

Shu'aibar nan ita ce tashar jiragen ruwan Makka kafin Sayyidina Usman ya mayar da ita Jidda, kuma daga nan masu hijira zuwa Habasha suka hau jirgi. Na je ganin gaɓar wata Juma'a, tafiyar sama da awa guda a mota. Ruwan garau yake, shuɗi, har kana hango yashin ƙasa. Wannan garau ɗin shi ake gadi dare da rana.

Abin tsoron shi ne gansakukar teku, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani sai sun taru. In suka samu zafi da abinci, wato ruwan kwata da takin da ke gangarowa daga tudu, sai su hayayyafa cikin 'yan kwanaki, ruwa ya rine ja ko kore. Mu da muka tashi kusa da kududdufan Kano mun san kamannin abin, sai dai na teku ya fi faɗi nesa ba kusa ba. A 2008 zuwa 2009 wani nau'i mai suna Cochlodinium ya mamaye gaɓar Oman da Hadaddiyar Daular Larabawa wata da watanni. Kifaye suka mutu, matatun ruwa suka toshe, har aka rufe wasu tashoshin cire gishiri. Dafin ma injinan suna iya tace kusan dukkansa. Kaurin gansakukar da yauƙinta su ne ke tsayar da aiki.

Shi ya sa ake sa ido. Tauraron ɗan adam yana auna launin teku daga sama, ma'aikata kuma suna ɗebo ruwa a kwalba su ƙirga ƙwayoyin a madubin ƙara girma, a san wane nau'i ne, mai dafi ne ko a'a. Jami'ar KAUST da ke Thuwal, arewa da Jidda, wadda aka buɗe a 2009, tana da masu binciken da suka bi sawun irin wannan rinewar a Bahar Maliya da hotunan tauraro. A ganina aikinsu ya fi sabbin benayen Shisha muhimmanci, domin bene mai hawa 20 ba ruwa kango ne, balle ranar da alhazai fiye da miliyan guda suka sauka Mina, kowa na neman na wanka.

Sai maganar ciki. Wasu nau'ikan suna tara dafi a naman halittun teku masu ɓawo da wasu kifaye, kuma dahuwa ko suya ba ta kashe shi. Gwajin ɗakin bincike ne kawai ke gano shi. Don haka ɗan'uwa, in ka fita gaɓa da fatsa ranar hutu ka tarar ruwa ya sauya launi, ko matattun kifaye birjik a bakin yashi, naɗe fatsarka. Kifin kasuwar Jidda ya ishe ka sayadiyya.