Kuran ya ɗauke, labari bai ƙare ba

Yau hirarmu ta tuna baya ce, amma da saƙo a ƙarshenta.

Mu da munka tashi a Ƙonni farkon shekarun 2000 mun san gidan bidiyo: rumfar zana, benci, tele ɗaya, dala biyar kuɗin shiga. Sau nawa kuran ke ɗaukewa ana tsakiyar faɗa! Sai mu fito da haushi, mu kewaye wanda ya taɓa ganin fim ɗin, ya ƙarasa muna da baki. Inda ya mance ya ƙago, mu kuma mu yarda. Wata rana ma nashi ya fi na tele daɗi.

Can munka fara ganin Star Wars, wanda mu ƴan lakwal munka sani da La Guerre des étoiles. George Lucas ya fiddo na farko a Amurka a 1977, na uku ya fito a 1983, daga nan anka yi shekara 16 ba ci gaba a silima. Ashe abin da muke yi bakin rumfa, marubuta sun yi shi a takarda. A 1991 Timothy Zahn ya rubuta Heir to the Empire, ya ɗauko labarin shekara biyar bayan inda fim ya tsaya. Ya ƙago wani kwamandan yaƙi, Thrawn, mai nazarin zane-zanen al'umma don ya gane yadda zai ci ta da yaƙi. Muna lise wani abokinmu ya samo fassarar Faransanci wajen masu baza littattafai ƙasa a Yamai. Hannu zuwa hannu ta bi aji har bango ya fita.

A 2012 kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm kan kusan dalar Amurka biliyan 4. A 2014 anka sanar cewa waɗancan littattafai ba su cikin asalin labarin, anka laƙaba musu Legends. Wallahi abin ya sosa mu. To amma me ya faru? Masu karatu ba su saki Thrawn ba, kuma a 2016 sai ga shi an maido shi cikin shirin Rebels. Mai kuɗi ya sayi suna, amma bai iya fidda mutum daga zuciyar waɗanda sunka karanta shi ba. Mu da munka ji tatsuniyar Gizo bakin kaka goma, kowace da irin tata, wannan bai ba mu mamaki ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Mu ma muna da namu. A 1969, shekara takwas kafin Star Wars, Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da anka ɗauka zuwa sararin samaniya, da Hausa tsantsa. A 1966 kuwa Moustapha Alassane, wanda ya zauna nan Tawa shekara da shekaru, ya ɗauko kaboyi na Amurka ya sauke su cikin ƙauyen Nijar a fim ɗinsa Le Retour d'un aventurier. Ran nan mun tambaya a fadarmu, ana shan shayi, mu tara. Ba wanda ya karanta littafin Dembo, mutum ɗaya kaɗai ya ga fim ɗin Alassane. Har da mu masu riƙe da mikro, sai da munka girma munka ji sunan littafin. Kunya ta kama mu, don lakwal ta koya muna karatu da Faransanci, mu kuma ba mu nemi namu ba.

Yau ƙannenmu na kallon fassarar finafinai a waya, ɗaya na ƙarewa su danna na gaba. Ba mu ga laifinsu ba. Abin da muke tsoro shi ne ɓacewar wannan ɗan lokaci na duhu, inda yaro ke cewa: "Bari in gaya muku abin da ya faru bayan nan."

Don haka ga roƙonmu. Wanda ke da Tauraruwa Mai Wutsiya cikin akwatin baba ko na mushe, ya ara muna, za mu maido. Ku kuma ƴan kwaleji da ƴan lise, ku ɗauki kaye ku rubuta muna shafi biyu: jirgin sararin samaniya ya sauka gonar albasa a Galmi, wa ya fara isa wurin, me ya ce? Ku kawo gidan radiyo, mu karanta da sunanku.

Allah shi bar mu tare.