Manhajar da Nake Ba Labarin Zuciyata

Tun ina aji biyu na ƙaramar sakandare nake rubuta abin da ya dame ni a wani littafi mai jan bango, in cusa shi ƙasan akwatina. Hutun da ya wuce ƙanina ya tono shi, ya tsaya a tsakar gida yana karanta wa ƙannenmu da ƙarfi, har da kwaikwayon muryata. Umma ta ƙwace ta miƙo mini, amma na san ta ji layi biyu ko uku da ban so ta ji ba. Sai da na yi kwana biyu ban iya haɗa ido da ita ba.

Shi ya sa da na ji akwai manhajojin rubuta sirri masu ƙirƙirarriyar basira, waɗanda za ka rubuta damuwarka su amsa maka, ban tsaya wata-wata ba. Na sauke ɗaya kyauta a tsohuwar wayar da Yaya ya bar mini, na sa mata lambar sirri. Gaskiya na ji daɗinta. Ba ta dariya, ba ta cewa "ke ma kin cika ƙorafi". Na rubuta mata tsoron da nake yi wa lissafi, ta lallashe ni. A dare na uku na rubuta mata abin da wata ƙawata ta gaya mini a ɗakin kwananmu game da rikicin gidansu, bayan ta ce in riƙe mata amana. Har sunanta na sa.

Washegari ina nuna wa Yaya irin amsoshin da take ba ni, sai ya ce, "Ke, a ina kike zaton ake haɗa wannan amsar?" Na ce a cikin wayar mana. Ya ce in kashe data in sake rubuta mata. Na kashe, na rubuta, shiru kake ji. Nan ya bayyana mini cewa rubutuna yana fita ne ta intanet zuwa manyan kwamfutocin kamfanin, kuma da yawa daga ƙananan kamfanonin nan ba su da basirar tasu, haya suke yi, su tura rubutun ga wani kamfanin ya haɗo amsa. Lambar sirrin da na sa ƙanina kaɗai take tarewa.

Akwai irin kullen da ko kamfanin ba ya iya buɗe rubutunka, domin mabuɗin yana hannunka. Manhajar Day One tana da shi, haka Journal da Apple ya fitar a ƙarshen 2023. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, na'urar da za ta amsa maka dole ta karanta abin da ka rubuta a buɗe. In ba a cikin wayarka take aikin ba, to rubutun ya bar gida kenan.

Na ce wa Yaya, wa zai damu da labarin 'yar sakandare? Sai ya ba ni labarin Finland. A 2020 aka gano an kutsa cikin kwamfutocin wata cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa mai suna Vastaamo, aka kwashe bayanan da dubban mutane suka faɗa wa masu duba su a asirce, aka riƙa aika wa kowannensu saƙo cewa ya biya kuɗi ko a tona shi. Ba manya ba ne, mutane ne kamar ni da kai. A 2023 kuma hukumomin Italiya suka dakatar da manhajar hira ta Replika daga amfani da bayanan 'yan ƙasar, kuma rashin tantance shekarun yara yana cikin dalilansu.

Muka zauna muka karanta ƙa'idojin manhajar tawa, doguwar takardar turancin nan da kowa yake danna "na yarda" ya wuce. Sun ce suna iya amfani da rubutuna wajen inganta ayyukansu, suna iya ba abokan hulɗarsu, ba su kuma faɗi su waye ba. Ashe har inda nake na ba ta izinin sani. Littafin sirri me zai yi da unguwarmu? Sannan cire manhaja daga waya ba ya goge abin da ke wurinsu. Sai da na goge rubutun ɗaya bayan ɗaya, na rufe asusun, muka aika musu wasiƙa su goge sauran. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum 'yancin neman haka, sai dai kamfanin yana wata ƙasa, ni kuma kalmar bakinsu kawai nake da ita.

Yanzu wadda nake amfani da ita tana ajiye rubutu a cikin wayar, ko babu data tana buɗewa, kuma ba ta tura komai ga basirar sai na danna da kaina. Ina dannawa in maganar jarrabawa ce ko kasalar karatu. Ba na sa sunan kowa. Akwatina kuma na saya masa kwado.

Da muka dawo makaranta na gaya wa ƙawar tawa abin da na yi. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce, "Kin sa sunana?" Na ce na sa. Ta ce ba komai. Har yau tare muke zuwa ɗakin cin abinci, tare muke wanki ranar Asabar, amma tun ranar ba ta sake ɗauko mini zancen gidansu ba.