Tseren Dutsen Kamaru: Shin Sabon Shiga Zai Iya?

Duk matafiyin da ya baro Duwala da sassafe, ya haye gadar Wuri da ta Mungo, ya bi ta Tiko da Mutengene har ya sauka a tashar Mil 17 da ke bakin garin Buea, ba ya bukatar a nuna masa Dutsen Kamaru. In an yi sa'a hazo bai rufe sama ba, ga shi nan ya tokare gabansa kamar bango. Mutanen wurin, wato Bakweri, Fako suke ce masa. Tsawonsa ya haura mita 4,000, kuma duk Afirka ta Yamma har zuwa nan ƙasarmu babu dutsen da ya kai shi. Bugu da ƙari dutse ne mai aman wuta, wanda bai mutu ba. Ya yi aman a 1909 lokacin da Jamusawa ke da hedkwatarsu a Buea, ya sake a 1922 da 1959 da 1982, sannan a 1999 narkakken dutsen da ya fito ya gangara har ya datse hanyar mota ta bakin teku a wajen Bakingili. A 2000 ma ya ƙara motsawa.

To, a kan wannan dutse ne ake yin tseren nan da kowa ke ji a rediyo ko gani a talabijin kowace shekara, galibi a watan Fabrairu. An fara shi a 1973, kamfanin Guinness ne ya ɗauki nauyinsa a farko, daga 1996 kuma hukumar wasannin guje-guje ta ƙasa ta karɓe shi aka raɗa masa suna Tseren Kyakkyawan Fata. Ana tashi daga filin wasa na Molyko, a hau har ƙololuwa, a juyo a dawo filin, tafiyar wajen kilomita 38 ke nan. A 2024 wanda ya zo na ɗaya a maza da wadda ta zo ta ɗaya a mata, kowannensu sefa miliyan 10 aka ba shi.

Wannan kuɗi da wannan suna su ne ke jan hankalin samarinmu. Mu malaman makaranta mun saba jin tambayar: yaro ya fi kowa gudu a filin makaranta a Garwa ko Marwa, ko yana buga ƙwallo a unguwar Birikiteri ta Yawunde ba ya gajiya, sai ya zo ya ce, "Malam, ni ma ina so in je Buea bana." Ba ma son kashe wa kowa gwiwa, amma amsar da muke bayarwa ita ce: dutsen nan ba wurin koyon tsere ba ne. Bari mu bi hanyar tare daga ƙasa zuwa sama, mai karatu ya yanke hukunci da kansa.

Daga Molyko kwalta ce, ana ratsa garin Buea ana hawa sannu a hankali, jama'a na tafi gefe da gefe. Nan ne sabon shiga ke ruɗuwa, domin abin ya yi kama da gudun da ya saba, sai ya saki ƙarfinsa duka tun ba a je ko'ina ba. Da an wuce gonakin da ke saman gari kwalta ta ƙare, sai a faɗa kurmi. Hanya ce siririya, ga saiwoyin itatuwa, ga santsi, ga zufa kamar an watsa wa mutum ruwa. A cikin kurmin nan ne bukka ta ɗaya take, wajen mita 1,800 daga teku.

Da an fita kurmi sai duniya ta sake. Babu itace, babu inuwa, sai ciyawa da duwatsu, ga hanyar ta miƙe sama ta yadda ko gwanayen ba gudu suke yi ba, tafiya ce da hannu a kan gwiwa, wani wurin ma har da rarrafe. Bukka ta biyu tana wajen mita 2,800. Daga nan zuwa bukka ta uku, sannan zuwa ƙololuwa, baƙin dutse ne mai kaifi da toka irin wadda ƙafa ke nutsewa a ciki, ga iska mai kaɗa mutum, ga sanyin da ya fi na hunturun Marwa nesa ba kusa ba. Dalili kuwa shi ne, duk mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6. Wanda ya baro Molyko cikin gumi, sai ya isa sama da jiƙaƙƙiyar riga yana karkarwa.

Abin da ya fi sanyin haɗari shi ne ƙarancin iska. A mita 4,000, abin da mutum ke shaƙa a numfashi guda bai wuce kashi 60 da 'yan kai cikin 100 na abin da yake samu a bakin teku ba. Tun daga mita 2,500 wasu ke fara jin ciwon kai da jiri da tashin zuciya, kuma wannan ciwo ba ruwansa da ƙarfin mutum ko ƙuruciyarsa. Maganinsa guda ne, a sauko. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne da yawancin zakarun tseren nan suka fito daga tsaunukan Arewa maso Yamma, irin su Kumbo da Oku, ko kuma daga gindin dutsen kansa. Mutane ne da suka tashi suna hawa da sauka zuwa gona ko kiwo. Alal misali Sarah Etonge, 'yar Bakweri, mai 'ya'ya bakwai, ta ci tseren mata sau bakwai tsakanin 1996 da 2005, har aka kafa mutum-mutuminta a Buea. Ɗan Garwa kuwa, garin da bai fi mita 200 da wani abu daga teku ba, jikinsa bai san wannan iska ba sam. 'Yan Ngawundare da Bamenda sun ɗan fi shi dama, amma su ma ba su kai rabin tsawon dutsen ba.

Mutane da yawa na zaton in an isa ƙololuwa an gama wahala. A'a, saura babba. Masu tseren kansu sun fi tsoron saukowa. Gangara ce ta fiye da mita 3,000 a kan ƙafafun da suka riga suka gaji, tsakuwa na zamewa, cinyoyi na rawa, kuma duk wanda ya faɗi a kan baƙin dutsen nan, fatarsa ce za ta biya. Gudun gangara sana'a ce mai zaman kanta, sai an koya. Gwanayen maza kan gama hawa da sauka cikin wajen awa huɗu da rabi, alhali matafiyi mai bin wannan hanya da ƙafa kwana biyu ko uku yake yi.

Kada kuma a ce tsoratarwa ce kawai. A Fabrairun 2024 Charles Kipsang, ɗan Kenya kuma gogaggen ɗan tsere, ya yanke jiki ya faɗi jim kaɗan bayan ya iso filin Molyko, rai ya yi halinsa. In haka ta faru ga gwani, ina ga wanda bai taɓa hawa tudu ba? Sannan akwai batun tsaro. Rikicin yankunan masu magana da Ingilishi, wanda ya taso tun 2016, ya taɓa tseren: a Fabrairun 2023 wasu abubuwa sun fashe a kan hanyar, mutane kusan 20 suka ji rauni. Duk mai niyyar zuwa ya tambayi 'yan'uwanmu mazauna Buea da Tiko halin da ake ciki kafin ya yanki tikiti.

To, yaya saurayi zai gane ko lokacinsa ya yi? Muna ba shi tambayoyi huɗu. Na ɗaya, ka taɓa yin gudun kilomita 30 a kwance ka tashi washegari lafiya? Na biyu, ka taɓa yin awa shida a kan ƙafarka kana hawa da sauka, kana ci kana sha a tafe? Na uku, ka taɓa haura mita 3,000 ka ga yadda kanka da ƙirjinka suka ɗauki abin? Na huɗu, likita ya duba zuciyarka da hawan jininka? In amsar ɗaya daga ciki "a'a" ce, to bana ba taka ba ce, kuma babu abin kunya a ciki. A ƙara da duba kalanda, domin a 2026 da 2027 azumi ya shigo cikin watan Fabrairu, kuma wannan ba aikin da ake yi ba tare da shan ruwa ba ne.

Shawararmu ita ce a bi abin daki-daki, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A shekarar farko yaro ya nemi tudun da ke kusa da shi: Dutsen Ngawundare, ko Tingilin kusa da Garwa, ko Febe a Yawunde, ko tsaunukan Mandara. Ya riƙa hawa da tafiya, yana saukowa da gudu a hankali, har gwiwoyinsa su saba. Ya shiga ƙungiyar guje-guje ta garinsu, domin ta nan ne zai sami mai horarwa, ya kuma san ƙa'idojin rajista na shekarar. Bayan haka ya je Buea a watannin rani, tsakanin Disamba da Fabrairu, ya hau dutsen da ƙafa tare da ɗan jagora, kamar yadda hukumar gandun dajin da aka kafa a 2009 ta tanada. Ya tafi da takalmi mai ƙarfi, da rigar sanyi, da ruwa isasshe, ya kwana a bukka ta biyu. Idan jikinsa ya karɓa, sai ya fara da rukunin matasa da ba ya kai wa ƙololuwa, ko tseren karɓa-karɓa inda ake raba hanyar tsakanin abokai. Cikakken tseren ya biyo baya.

Ko da mutum bai taɓa ɗaura lamba a ƙirji ba, zuwa Buea ba asara ba ce. Wanda ya tsaya a bukka ta biyu da almuru, gizagizai na ƙarƙashin ƙafarsa, fitilun garuruwan ƙasa na ƙyalli har bakin teku, ya ga abin da zai ba jikokinsa labari. Iyaye kuma muna roƙonsu kada su hana yaro don tsoro, kada kuma su tura shi don kwaɗayin miliyan 10. A tambaye shi tambayoyin nan huɗu, a taimaka masa da kuɗin takalmi da na likita. Dutsen yana nan ba inda za shi, sannu sannu kuma ba ta hana zuwa. Allah Ya kai mu lafiya, Ya sauko da mu lafiya.